Gashin Bakin Mario da Hijabin 'Yarki: Yadda Ake Ƙera Jarumin Gem



Duk gidan da ke da yaro ɗan shekara bakwai zuwa sha biyar, akwai wata rigima da ba ta ƙarewa: "Umma, ara mini wayarki in buga gem." In kin hana a yi ta kumbure-kumbure, in kin bayar a cinye caji da data, ki kira sunansa sau uku bai ji ba. Hanyoyin rage wannan mun san su, kuma suna nan da amfaninsu. Yau ta wata ƙofa zan shigo.

A cikin yaran nan akwai waɗanda ba su tsaya ga bugawa kaɗai ba. Ki buɗe bayan littafin makarantarsu, za ki tarar da zanen 'yan mutane masu takobi, dodanni masu ƙaho, da motoci masu fuka-fuki. Irin wannan yaron ƙira yake son yi. Wata rana zai miƙo miki takarda ya ce, "Umma, ga aktan gem ɗina." Abin da kika ce masa a ranar yana iya sa ya ci gaba, yana iya sa ya ninke takardar ya daina har abada.

Yawancinmu amsa biyu muke da ita. Ko dai "Kai, ya yi kyau" ba tare da mun ɗago kai daga tukunya ba, ko kuma "Wannan shirmen kake yi maimakon karatu?" Dukansu biyun rufe ƙofa suke yi, domin babu wadda ta koya masa yadda zai gyara. Akwai amsa ta uku, sai dai tana buƙatar ki san kaɗan daga yadda masu sana'ar suke aikinsu. Abin da za mu duba ke nan.

Wane ne ɗan mutumin da ke gudu a allon waya?

Duk hoton da kike gani a waya an haɗa shi ne da ƙananan ɗigo masu kusurwa huɗu, jere a layi-layi, kowanne da launinsa. Ana kiran ɗigon fiksel. Wayoyin yanzu ɗigonsu ya yi ƙanƙanta har ido ba ya raba su, amma a gem ɗin da, irin mai kaset da ake jonawa da talabijin, ana ganinsu ɓaro-ɓaro.

Shi kuwa ɗan mutumin da yaro ke tuƙawa, wanda yara ke kira akta, hoto ne ƙarami mai zaman kansa da ke yawo a kan hoton baya, wato dajin ko garin da ake wasan a cikinsa. Masu sana'ar suna kiransa sifirayit. Ana zana shi a cikin wani fili mai gida-gida, a cika wasu gidajen da launi, a bar sauran fanko domin bayan ya riƙa bayyana ta wurin.

Duk wadda ta taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ta riga ta san wannan aikin. Mai ɗinki yana ƙirga zare ne, ya cika nan da ja, ya tsallake can, ya sa baƙi. In kin kawo hular kusa da ido, ƙananan ɗinki kawai za ki gani, sai kin ja da baya zanen zai fito. Haka saƙar tabarma take, haka kwalliyar dutsen ado da ake jerawa. Bambancin kawai shi ne wannan zanen yana tafiya yana tsalle.

Gashin bakin da ƙarancin wuri ya haifa

A shekarar 1981 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da gem mai suna Donkey Kong, wanda ake bugawa a manyan injuna masu cin sulalla. Wanda ya tsara shi, Shigeru Miyamoto, ya karanci fasahar ƙera kayayyaki ne a makaranta, kuma mai son zane ne tun yana yaro. Filin da injin ya ba shi don zana jaruminsa gida 16 ne a tsaye, 16 a kwance, wato gida 256 duka-duka, launi kuwa uku kacal. A cikin wannan 'yar kusurwa ake so mutum ya fito da kai, da hannu, da ƙafa, kuma a gane shi yana gudu.

Ga yadda ya yi. Baki ba zai zanu da kyau a ɗigo biyu ko uku ba, sai ya sa wa jarumin gashin baki mai kauri, wanda ya rufe wurin bakin kuma ya sa hancin ya fito fili. Gashin kai yana da wahalar zanawa, ga shi in mutum ya yi tsalle dole gashin ya motsa, sai ya kifa masa hular hana-salla. In riga da hannu launinsu ɗaya ne, ba za a ga hannun yana lilo ba sa'ad da yake gudu, sai ya sa masa jan wando mai maratayi a kafaɗa irin na makanikai a kan shuɗiyar riga, hannun ya fita daban da jiki. Wannan jarumin shi ne daga baya aka raɗa wa suna Mario.

Ki lura, babu ɗaya daga cikin abubuwan nan uku da aka sa don ado. Kowanne matsala ya zo warwarewa. Yau fiye da shekara 40 ke nan, injunan suna iya zana gashi sili-sili, amma hula da gashin baki suna nan, domin su ne Mario.

Tsimin bai tsaya nan ba. A Super Mario Bros. na 1985, gajimaren da ke sama da ciyayin da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya, wannan fari wancan kore. Luigi, ɗan'uwan Mario, shi ma zanen Mario ne aka canza wa kalar kaya. Masu aikin kuwa a kan takarda mai gida-gida suke fara zana filayen wasan da hannu kafin a shigar da su na'ura. Ki riƙe wannan maganar ta takarda, za mu dawo kanta.

Darasin farko ga yaronki ke nan: ƙarancin kayan aiki ba ya hana ƙira mai kyau. Da babu gara ba daɗi, kuma sau da yawa ba daɗin ne ke koya wa mutum dabara.

Jarumin tafiyar kasada

Gem ɗin kasada shi ne wanda jarumi ke barin gida ya shiga daji, ya faɗa kogo, ya nemo mabuɗi, ya buɗe ƙofa, har ya je ga bos. Fitaccen misalinsa shi ne The Legend of Zelda na 1986, shi ma daga hannun Miyamoto da abokan aikinsa. Miyamoto ya sha faɗin cewa yawon da ya yi yana yaro a dazuzzuka da koguna na ƙauyensu, kusa da birnin Kyoto, shi ya ba shi tunanin wasan.

Jarumin, mai suna Link, ɗan ƙarami ne a allo, amma abu uku sun isa a gane shi: koren kaya, hula mai tsini, da takobi da garkuwa. Kallo ɗaya za ki san aikinsa faɗa ne da tafiya. A irin wannan wasan jarumi yana tafiya sama da ƙasa, hagu da dama, don haka sai an zana shi ta gaba, ta baya, da ta gefe, kuma a kowanne dole a gane shi ne. In ya samo wani zobe mai ƙara masa kariya, launin kayansa yana canzawa, mai wasa ya san ya ƙara ƙarfi ba tare da an rubuta masa komai ba.

Wani gem na 2018 mai suna Celeste ya yi amfani da wannan dabarar. Jarumarsa, Madeline, yarinya ce mai hawan dutse, gashinta ja. Da zarar ta yi amfani da ƙarfin zaburarta a iska, sai gashin ya koma shuɗi, ba zai dawo ja ba sai ƙarfin ya dawo. Launi ya zama saƙo. Kuma a lokacin wasa, ɗan hoton nata ba shi da ido ko baki, amma duk wanda ya buga ya san ta.

Darasi na biyu: jarumi yana buƙatar alama biyu ko uku da za a gane shi da su daga nesa, kuma kowace alama ta faɗi wani abu a kansa.

To namu jarumin fa?

In kika bar yaro da kansa, mafi yawanci abin da ya saba gani zai kwaikwaya: farin mutum mai gashi tsaye, ko ɗan Japan mai manyan idanu. Ba laifinsa ba ne, abin da aka ciyar da idonsa ke nan. Nan ne bakinki ke da amfani. Ki tambaye shi, "In a garinmu za a yi wannan tafiyar, wa zai yi ta? Me zai sa? Me zai riƙe?"

Labaran kasada ba mu rasa su ba. Ga Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura: baƙo ya iso gari, ana hana mutane ruwa, ga bos a cikin rijiya. Ga Sarauniya Amina ta Zazzau da ganuwowinta. Ga Gizo da Ƙoƙi, ga Dodo, duk suna jiran mai zana su.

Mu ɗauki misalin yarinya mai shekara goma da aka aika ta nemo akuyar kakarta da ta ɓace a daji. A fili mai gida 16, hijabi yana yi mata aikin da hula ta yi wa Mario: ya ɗauke wahalar zana gashi, ya ba kanta siffa mai sauƙin ganewa. Har ma ya fi, domin in tana gudu, ɗigo biyu ko uku na bakin hijabin da ke tashi ta baya sun isa su nuna inda ta dosa da saurin da take yi. Doguwar riga tana ɓoye ƙafa, to ta yaya za a ga tana tafiya? Sai a bar bakin takalmi ya riƙa leƙowa, wannan ya fito wancan ya koma, a sa masa launi mai haske. Me za ta riƙe? Sanda, ko fitila in za ta shiga kogo. In hijabin da rigar launinsu ɗaya ne, za ta zama dunƙule guda, don haka sai a raba su.

In Gizo aka zaɓa, ƙafa takwas ba za su shiga ƙaramin fili ba tare da cakuɗewa ba. Yaro zai gano da kansa cewa dole ya rage, ya bar waɗanda za su isa a ce wannan gizo ne, ya ƙara masa wata alama ta wayo, kamar hular da ta karkace ko ƙatuwar jaka.

Sai batun launin fata, wanda nake so mu ɗauka da muhimmanci. Yara da yawa in sun zo cika fuskar jarumi, kala mai haske suke ɗauka, su bar baƙi da ruwan ƙasa ga mugu. Kada ki yi faɗa, ki yi tambaya: "Me ya sa aktan bai yi kama da kai ba?" Wani lokaci amsar ta aiki ce: in fuskar ta yi duhu, ba a ganinta a cikin kogo. Wannan kuwa yana da magani. A yi amfani da ruwan ƙasa kala biyu, mai duhu da mai ɗan haske a gefen da haske ke faɗowa, a sa farin ɗigo a ido, a kewaye fuskar da hijabi ko hula mai haske. A gidan da ake fama da tallar man bilicin ta ko'ina, yarinyar da ta zana jaruma mai irin fatarta da hannunta ta koyi abin da wa'azi goma ba lallai ya koya mata ba.

Akwai waɗanda suka riga mu a wannan hanyar. A 2016 kamfanin Kiro'o Games da ke Yawunde a Kamaru, ƙarƙashin Olivier Madiba, ya fitar da gem mai suna Aurion, jarumansa baƙaƙen fata, tufafinsu da duniyarsu an ɗauko su daga al'adun Afirka. A Legas akwai Maliyo Games, a Ghana akwai Leti Arts. Sana'a ce da mutane ke ci da ita a nahiyar nan.

Yadda zane ke tashi ya yi tafiya

Babu hoton da ke motsi da kansa. Hotuna ne da yawa masu ɗan bambanci ake nunawa da sauri ɗaya bayan ɗaya, ido ya haɗa su ya ga motsi. Fim ɗin sinima hoto 24 yake nunawa a kowace daƙiƙa. Jarumin gem ba ya buƙatar haka: gudun Mario a 1985 hoto uku ne kawai ake maimaitawa, kuma da hoto biyu ma ana iya nuna tafiya, ɗaya ƙafar dama a gaba, ɗaya ta hagu.

Yaro zai iya gwada wannan ba tare da waya ba. Ya zana hoton farko a kusurwar shafi, na biyu a daidai wurin a shafi na gaba, ya riƙa ɗaga takardar yana saki da sauri. Zai ga mutuminsa ya fara takawa. Abu biyu zai kiyaye: tafin ƙafa ya tsaya a kan layi ɗaya a duk hotunan, kuma girman kai kada ya canza, in ba haka ba jarumin zai riƙa kumbura yana motsewa.

Idan tafiyar ta ƙi yin kama da ta mutum, ga dabarar wani ɗan Amurka, Jordan Mechner, wanda ya fitar da Prince of Persia a 1989. Ƙanensa ya sa wa fararen kaya, ya ɗauke shi a bidiyo yana gudu yana tsalle, sannan ya bi hotunan ɗaya-ɗaya yana kwafe siffar jikin. Shi ya sa motsin jarumin ya ba mutane mamaki a lokacin. Yau wayar da ke hannunki ta isa wannan aikin. Ki ɗauki ƙaramin yana gudu a tsakar gida, ku tsayar da bidiyon ku duba tare: ashe in ƙafar dama ta yi gaba, hannun hagu ne ke yin gaba. Yaron da ya gano wannan da idonsa ba zai manta ba.

Aikinki: gwaji huɗu

Babu mai ƙirar da zanensa na farko ke zama na ƙarshe. Gyara shi ne sana'ar, kuma gyara yana buƙatar idon wani. Ga gwaji huɗu da za ki iya yi wa zanen ko da ba ki taɓa riƙe fensirin zane ba.

Na farko, gwajin nesa. Ki jingina takardar a bango ki koma bakin ƙofa. Me ya rage ana gani? Duk ƙananan kwalliyar da ta ɓace daga nan, a allon waya ma ɓacewa za ta yi. Yara suna son cusa maɓalli, agogo, zobe da aljihu. Nesa za ta nuna masa waɗanda ba su da amfani.

Na biyu, gwajin inuwa. Ya kwafi siffar jarumin a wata takarda ya cike ta da baƙi gaba ɗaya. Har yanzu ana gane shi? Ana ganin sandar? Ana gane inda ya fuskanta? In inuwar ta zama kamar buhun gero, sai a ɗaga hannu daga jiki, a fito da abin da ya riƙe waje.

Na uku, gwajin wuri. Ya yanke jarumin da almakashi, ya ɗora shi a kan koren zane, sannan a kan mai ruwan ƙasa, sannan a kan baƙi. Jarumi mai koren kaya a cikin koren daji ɓata zai yi, sai an kewaye shi da layi mai duhu ko an sauya launi.

Na huɗu, gwajin ƙane. A kira ƙaramin gidan da bai san komai game da zanen ba, a tambaye shi: wane ne wannan, ina za shi, me ya riƙe, mai kirki ne ko mugu? Mai zanen kada ya ce uffan. In ƙaramin ya ce fitilar kofi ce, to fitilar ce ke da gyara, kada a ce yaron ne bai da ido.

Bayan gwajin, doka ɗaya ce: a gyara abu ɗaya a lokaci guda, kuma kada a yaga tsohon. Ya rubuta lamba da kwanan wata a ƙarƙashin kowane zane, 1, 2, 3. Ranar da ya karaya ya ce shi bai iya ba, ki buɗe masa na farko kusa da na goma. Sannu ba ta hana zuwa.

Yadda za ki furta gyaran ma yana da muhimmanci. Ki fara da abin da ya fito da kyau, ki ambace shi da sunansa: "Wannan hular na gane ta tun daga ƙofa." Sannan ki faɗi abin da idonki ya gani, ki bar masa neman mafita: "Hannun ne ban gani ba, ina ya shiga?" Kada ki karɓi fensirin ki gyara masa.

In ya ji haushin gyara, ki ba shi labarin Sonic, shuɗin bushiyar nan na kamfanin Sega da ya fara fitowa a 1991. A watan Afrilun 2019 aka saki tallar fim ɗinsa, masu kallo suka yi ca a kan sabuwar siffar da aka ba shi, mai ƙananan idanu da haƙora irin na mutum. Masu fim ɗin suka karɓi gyara, suka ɗage fitowarsa daga Nuwamban 2019 zuwa Fabrairun 2020, suka sake zana shi, fim ɗin kuma ya samu karɓuwa. In manya masu miliyoyin daloli sun koma sun sake, ɗan aji huɗu ba shi da abin jin kunya.

Kayan aiki da iyakoki

A fara da takarda. Littafin lissafi mai gida-gida, fensir, kilina, da fensir mai kala guda uku ko huɗu sun wadatar. Ya ja layi ya kewaye gida 16 a tsaye da 16 a kwance, dokar kuma ita ce kowane gida launi ɗaya, babu rabi. Ba caji, ba data, ba talla, kuma yana ƙirga yana auna daidaiton hagu da dama, wanda shi ma lissafi ne. In hannunsa ya faɗa, ya koma 32 da 32, gida 1,024 ke nan.

Sai bayan ya cika shafuka za a hau na'ura. Akwai Scratch, manhajar kyauta da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16. A ciki yaro zai zana jaruminsa, ya yi masa hotunan tafiya, ya jera umarni kamar bulo ya sa shi motsi. Ta fi daɗin aiki a kwamfuta ko babbar waya irin ta tablet, kuma akwai wadda ake saukewa a yi aiki ba intanet. Ga 'yan shekara 5 zuwa 7 akwai ScratchJr. Akwai kuma Piskel, shafin kyauta na zana irin waɗannan hotuna masu ɗigo. Duk manhajar da za a sauke a wayarki, ke ki fara buɗe ta ki ga irin tallar da take nunawa, kuma in akwai wurin hira da baƙi, kada yaro ya sa sunansa na gaskiya, hotonsa ko sunan makarantarsa.

Lokaci ma yana da iyaka. Ƙira ta fi kallo amfani, amma ba ta ɗauke salla, Islamiyya, aikin gida da barci ba. Ƙananan kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa 'yan shekara 2 zuwa 4 kada zamansu gaban allo ya wuce awa ɗaya a rana. Su takarda da kala sun ishe su.

Na san wasunmu za su tambayi hukuncin zana abu mai rai, kuma tambaya ce a kan hanya. Malamai sun yi bayani mai tsawo a kai, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassauci a kayan wasan yara suna kafa hujja da 'yan tsanar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Wannan fili ba na fatawa ba ne, kowace ta koma ga malamin da gidansu ya amince da shi. Abin da zan ƙara shi ne, ko wane ra'ayi gidanku ya bi, ƙofar ƙira a buɗe take. Pac-Man na 1980 rawayan da'ira ne kawai da aka yanke wa gefe. Jarumin ɗanki yana iya zama buta mai neman hanyar rijiya, ko Keke Napep mai kauce wa ramuka, ko ƙwarya mai gangarawa. Gwaji huɗun nan duk suna aiki a kansu.

Ba kowane yaro mai zane ne zai zama mai ƙera gem ba, kuma ba shi ne abin nema ba. Yaron da ya saba yin abu, ya nuna, a gyara masa, ya koma ya sake ba tare da ya yi zuciya ba, ya samu halin da zai yi masa amfani ko tela ya zama, ko injiniya, ko likita. Wannan halin a gida ake fara koyonsa, kuma mai dubawa ta farko ke ce.

Aikin wannan makon: a samo littafi mai gida-gida, a kewaye 16 da 16, a ba yaro kala uku, a ce ya zana jarumi ɗan garinku. Ku yi masa gwajin ƙane, sannan ku faɗa mana a ƙasa wa ya zana da abin da ƙaramin ya ce ya gani.

Allah ya raya mana zuri'a, ya yi musu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.